Haƙoran Gadufawa

Gadufawa wuri ne cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Yau babu kome can sai rairayi da iska. Amma shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce akwai manyan koguna da itatuwa. A bakin kogunan nan waɗansu manyan dabbobi suka zauna. Sunansu dinozor. Duk sun ƙare tun kafin a yi mutane.

Yaya aka san su? Da ƙasusuwansu da haƙoransu da suka zama dutse. Haƙori ya fi ƙashi ƙarfi, ba ya saurin ruɓewa. Kuma dinozor kamar kada yake: in haƙori ya faɗi, wani ya tsiro, har iyakar ransa. Shi ya sa ake yawan samun haƙora.

Haƙori yana faɗin abincin mai shi. A Gadufawa an samu iri uku na masu cin nama.

Na farko zagayayye ne, mai tsini kamar ƙusa. Da shi ake riƙe kifi mai santsi. Mai shi Sukomimus ne, ma'ana mai kama da kada. An tono shi a 1997. Tsawonsa wajen metir 11 ne, haƙoransa sun fi 100.

Na biyu yana da faɗi kamar wuƙa, bakinsa kamar na zarto. Da shi ake yanka naman manyan dabbobi. Masu shi dangin Karkarodontozor ne.

Na uku ƙarami ne, cikin gajeren baki. Mai shi Kiriftos ne, wanda aka raɗa wa suna a 2008. Masana suna zaton ya fi cin mushe.

Ashe ba abinci guda suke bi ba. Wannan ya kama kifi, wannan ya yi farauta, wancan ya ci saura. Haka suka iya zama wuri guda, kamar zaki da kura da kada a daji.

Irin waɗannan haƙora dukiyar ƙasa ce. In kun ga ɗaya, kada ku ɗauke. Ku gaya wa malam, don wurin da yake kwance shi ke nuna shekarunsa.

Tambayoyi
1. Ina Gadufawa take?
2. Don me ake yawan samun haƙora?
3. Wane haƙori ne na mai cin kifi?
4. Zana haƙoran uku cikin littafinka.