Kafin Ka Tsallaka Jibiya

Ɗana, tunda ka ɗaura aniyar kai kaya Maraɗi, zauna mu yi magana. Mu da mutanen can harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, auratayya ma ta haɗa mu. Wannan ne yake ruɗin matasa. Da ka wuce Jibiya ka shiga Ɗan Isa, dokar da ka sani ta tsaya a bayanka.

Najeriya tsarin Ingila ta gada. Lauyoyi ne ke fafatawa, alƙali yana saurare, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta taɓa yankewa yakan ɗaure ƙananan kotuna. Ga kuma kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa ikonsu bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999.

Nijar kuwa ta Faransa ta bi. Rubutaccen kundi shi ne madogara. Idan laifi babba ne, akwai alƙali mai bincike, wanda shi da kansa zai kira shaidu, ya yi maka tambayoyi, ya tara takardu tun kafin a zauna shari'a. Duk abin da ka faɗa gabansa, ko gaban jandarma, da Faransanci ake rubuta shi, sannan a turo maka takarda da biro. A nan nake so ka natsu. Kada kunya ko gaggawa ta sa ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, sai wanda ka amince da shi ya karanta maka layi bayan layi. Takardar nan za ta riga ka isa gaban alƙali, kuma ba ta canja magana.

Haka harkar ciniki. Nijar, Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin dokar kasuwanci guda, OHADA, wadda aka ƙulla a 1993, babbar kotunta tana Abijan. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka lauyan da ya gama maka aiki a Kano ba lallai ya san hanyar karɓo maka bashi a Maraɗi ba.

Matambayi ba ya ɓata. Ka sauka wurin maigida mai mutunci, ka tambaye shi lauyan garin tun babu rigima. Bashi kuwa, ko na ɗan'uwa ne, a rubuta, da shaidu, da kwanan wata. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.