Layinka Shi Ne Kai a Wurin Na'ura: Jan Hankali ga Mutanen Sabon Birni da Isa

Ni injiniyan sadarwa ne, kuma ɓangaren da nake aiki shi ne na manhajojin da ke hulɗa da masu layi kai tsaye: masu turo tallan data, masu ba da rancen kati, masu sabunta tsari idan ya ƙare. Aikin yakan kai ni gabashin Sakkwato, daga Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa, kuma duk majalisar da aka ji sana'ata, koke ɗaya ake tarbe ni da shi. Wani dattijo a Sabon Birni ya taƙaita shi da cewa: "Ɗana, mi ka cinye mani kuɗɗin waya, ni ko ban kira kowa ba?" Amsar tambayar nan ta shafi duk mai riƙe da waya a ƙasar Gobir, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa ta a rubuce.

Wa ke aiki a cikin layinka?

Babu wani ma'aikaci da ke zaune a Legas yana kallon lambarka yana yanke maka hukunci. Layukan Najeriya sun haura miliyan 100 da nisa, mutum ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙananan manhajoji ne ke yin aikin, kuma matsayinsu matsayin ɗan aike ne: a ba shi saƙo da sharaɗi, ya tafi ya aiwatar ba tare da ya dawo neman izini a kowane mataki ba. In an ba shi saƙo daidai ya hutar da kai. In an ba shi saƙo da sunanka alhali ba kai ka aike shi ba, haka zai aiwatar, domin bai san fuskarka ba.

Wannan tunani ya girmi zuwan layukan GSM Najeriya a 2001. A 1994 wani kamfani a Amurka mai suna General Magic ya fito da Telescript. Dabarar ita ce, maimakon na'urarka ta riƙe hanya a buɗe tana tambaya ana amsa mata, sai ta ƙunshe buƙatarka cikin wata 'yar manhaja ta sake ta. Manhajar ta sauka a wata kwamfuta mai nisa, ta yi aikin a can, ta zarce wata idan da buƙata, sannan ta jira ka da sakamako har ka sake samun sabis. Kamfanin AT&T ya gina hidimar PersonaLink a kan wannan tsari, amma ya rufe ta a 1996. Daga baya masu bincike na IBM a Japan suka yi Aglets, na kamfanin sadarwar Italiya kuma suka yi JADE.

Abin da ya taka wa tsarin birki shi ne amana. Mai kwamfuta yana tsoron baƙuwar manhaja ta yi masa ɓarna, mai manhaja kuma yana tsoron kwamfutar da ta sauka ta tone sirrin da ta ɗauko. Saboda haka a yau yawancin manhajojin suna zaune wuri ɗaya, ko a kwamfutocin kamfani, ko a cikin wayarka, ko a cikin sim ɗin kansa, bayananka ne ke kai da komo a tsakaninsu. Burin dai bai sauya ba: hidimar da aka ɗinka daidai da kai ta bi ka duk inda ka sa ƙafa.

Yadda abin yake a bakin iyaka

Mutumin Sabon Birni ya fi na cikin birnin Sakkwato ganin wannan da idonsa. Ka doshi iyaka ta ɓangaren Gidan Rumji, wani lokaci tun ba ka tsallaka ba wayarka za ta kama turken Nijar. Cikin daƙiƙoƙi kamfanin can zai tambayi kamfaninka na gida: wane ne wannan, an yarda ya yi kira, yana da kuɗi? Amsa ta dawo, a buɗe maka hanya, a fara lissafi da farashin baƙo, wanda ya fi na gida tsada. Mutum yana zaune a gonarsa a Najeriya, amma a lissafin na'ura matafiyi ne a ƙasar waje. Wannan na cikin dalilan da suka sa da yawa ke riƙe layi biyu, na gida da na Airtel Nijar, Moov ko Zamani.

Sai kuma matsalar ɗaukewar sabis. Ba wanda ya manta watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Ko bayan dawowarsu, turken da mota ba ta iya kai masa man dizal ba dole ya yi shiru. A irin wannan hali ake gane bambancin hidimomi. Lambobin da ake dannawa masu tauraro suna buƙatar hanya a buɗe daga farko har ƙarshe, da sabis ya girgiza sai ka koma farko. Saƙon tes kuwa yakan jira a cibiyar kamfani na wani lokaci har wayarka ta dawo. Manhajoji irin ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da na agaji ke cike bayanai da su, suna adana aikin a cikin waya su tura shi da kansu sa'ad da aka samu sabis. Wato dabarar 1994 ta aika saƙo ka tafi harkarka ta fi dacewa da ƙauyukanmu irin Gatawa da Tsamaye fiye da biranen da aka ƙirƙire ta dominsu.

Da me suke sanin ka?

Abin da manhajar ke gani kaɗan ne, amma ya ishe ta: nawa kake sa kati, sau nawa, data ka fi saye ko kira, wace irin waya sim ɗin ke ciki, wane turke wayar ta fi kamawa, tun yaushe layin ke aiki. Da waɗannan take auna ka. Shi ya sa garaɓasar da aka turo maka ta bambanta da ta maƙwabcinka, kuma rancen da za a ba ka ba lallai ya kai nasa ba.

Akwai alheri a ciki, ba na musu. Bankin UBA ya fito da Leo a 2018, wanda ake yi wa magana a rubuce ya duba asusu ko ya tura kuɗi. MTN na da Zigi mai amsa tambayoyin masu layi. A 2025 Airtel ya fara sa wa saƙonnin da yake zargin na damfara ne alamar gargaɗi tun kafin mai waya ya buɗe su. Ga wanda zuwa banki ke nufin doguwar tafiya a hanya mai hatsari, wannan sauƙi ne babba.

Sai dai masu gina waɗannan abubuwa, har da mu, sun ɗora su a kan zato huɗu: waya ɗaya ta mutum ɗaya ce, sunansa ne a kan layin, yana karanta Turanci, kuma sabis ba ya yankewa. A ƙauyukanmu sau da yawa babu ko ɗaya daga ciki. Waya ɗaya ce ke yi wa gida guda hidima. Tana wuni a shagon mai caji. Mai ita ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma saƙon da ke faɗowa a fuskar wayar da Turanci yake zuwa.

Ƙofofi uku da kuɗi ke bi su fita

Ta farko ita ce dannawa ba da sani ba. Saƙo ya faɗo yana tayin labarin ƙwallo, ko waƙar da mai kira zai ji, ko wani wasa na cin kyauta. Mai waya yana so ya kawar da shi ya yi kiransa, sai ya danna maɓallin tsakiya. Ko yaro ne ke wasa da ita. A wurin manhaja an amsa tayi, daga ranar kuma za ta riƙa cirar 'yan nairori kullum. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce ba a sa mutum cikin wani tsari sai da yardarsa, amma na'ura ba ta bambance yatsan maigida da na jikansa.

Ta biyu rancen kati. Ana cire ladan rancen tun kafin kuɗin ya shigo, kuma duk katin da aka sa daga baya, bashin ake fara ɗauka. Da na duba wayar dattijon nan, abu biyun na tarar: wani tsari na kullum da bai san da shi ba, da bashin da wani ɗan gidan ya ci. Na ce masa, "Baba, ba aljani ba ne, aike ne aka yi da sunanka." Muka rufe tsarin nan take.

Ta uku ita ce mafi muni, wato layin da ba sunanka ne a kansa ba. Tun daga Disambar 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa layi da lambar NIN, har zuwa wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumba 2024, mutane da yawa da ba su samu zuwa wurin rajista ba sun ba wani ya haɗa musu da tasa lambar. Wasu kuma sun sayi layi mai rajista a kasuwa. Ranar da waya ta ɓace aka je walkam bak, wato karɓar sabon sim a kan tsohuwar lambar, sai a ce sai mai sunan ya zo da kansa. Na ga wata baiwar Allah da kuɗin cinikin awakinta ke cikin asusun da ke ɗaure da irin wannan layi, wanda ya yi mata rajistar kuma ya bar gari tuni. Tana cewa, "Malam, layina ne wallahi, kowa ya san ni da shi." Kowa ya san ta da shi, ban da na'ura.

Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu da rikici ya kora zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Layin da ya yi watanni ba kira ba kati, kamfani yakan dakatar da shi, in shirun ya yi tsawo kuma a sayar wa wani da lambar. Idan asusun bankinka na ɗaure da ita, alat ɗinka da lambobin tabbatarwa za su riƙa sauka a wayar baƙo.

Abin da za ka yi da hannunka

Tun 2023 NCC ta daidaita lambobin nan, iri ɗaya ne a duk kamfanonin Najeriya:

1. Danna *996# ka duba matsayin layinka da NIN. In ba taka ba ce a kai, ka nemi ofishin kamfanin ko wakilinsa a gyara tun wayar na hannunka.
2. Danna *305# ka ga tsare-tsaren da ake cirar maka kuɗi a kansu, ka rufe wanda ba ka so.
3. Tura kalmar STOP zuwa 2442 domin tsayar da saƙonnin talla.
4. Danna *310# ka duba kuɗinka kafin ka ba da aron waya da kuma bayan an dawo da ita. Ka sanar da mutanen gida cewa *303# bashi ne.
5. In kana kusa da iyaka, ka sa a saita maka wayar ta tsaya a kan kamfaninka kaɗai, kada ta riƙa zaɓa da kanta.
6. Kafin ka miƙa waya ga mai caji, ka kulle ta ko ka zare sim ɗin da ke ɗaure da banki. Ka tambayi bankinka lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga wayar wani, ka haddace ta.
7. Layin da ka ajiye, ka riƙa sa masa kati kana kira da shi jefi-jefi. In ya riga ya salwanta, ka je banki a sauya lambar.
8. Lambar sirri ko lambar tabbatarwa, kada ka karanta wa kowa a waya, ko ya ce daga kamfani yake, ko ya ce sunanka ya fito a tallafi.

In an ci maka kuɗi ba gaira ba dalili, kira 300 ka kai ƙara wurin kamfaninka, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su share maka hawaye ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba ka damar ƙin a yi amfani da bayananka wajen talla, ta kuma ba ka damar neman mutum ya sake duba hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai ta yanke a kanka. Hukumar NDPC ce ke kula da wannan.

Ga abokan sana'a da shugabannin al'umma

Mu masu gina manhajojin nan akwai haƙƙi a wuyanmu. Tayin da zai ci kuɗin mutum ya zo masa da Hausa, da murya in zai yiwu, kuma a tambaye shi sau biyu kafin a cira. A gwada kowace hidima a inda sabis ke ɗaukewa, ba a ofis mai janareto kaɗai ba. Kafin a sayar da layin da ya yi shiru, a tuna cewa a yankuna irin namu shiru ba ya nufin mai shi ya yar da shi, wataƙila gudun tsira ya yi.

Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai, da limamai, da malaman Islamiyya masu karantar da mata a cikin gida, su isar da wannan bayani. Matasa masu shagon caji da masu POS, ku ne mutane suka fi amince wa da wayoyinsu, ku riƙe amanar, ku kuma taimaka wa dattawa su duba layukansu. Kai kuma mai karatu, kada ka tsaya a kanka. Yau ɗin nan ka karɓi wayar mahaifiyarka ko ta mahaifinka, ka danna *996# da *305#, ka karanta musu abin da ya fito. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya.