Mai Adon Ɗaki: Karatunsa Da Sana'arsa

Ran nan muna hira bayan sallar lisha, mu 'yan ƙasar Haɗeja, sai gardama ta tashi. Shin mutumin nan da ya ke yi wa soro ado daga ciki, ya fid da dagi da takobi a jikin bango, mai ilmi ne, ko kuwa lebura ne kurum da Allah ya ba hannu? Waɗansu suka ce ai wanda bai zauna aji ba, ba a kiransa mai ilmi. To, mun ga ya kamata mu bi sawun mutumin nan tun daga ƙuruciya, yadda al'amarin ya ke a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, watau daga wajen 1930 zuwa 1970, don 'yan'uwa da malamanmu su duba da kansu.

A Ingila da Amurka adon ɗaki sana'a ce mai zaman kanta, dabam da gini. Tun 1906 wata makaranta a birnin New York, wadda a ke kira Parsons, ta fara koyar da shi. Can mai adon ɗaki ba ya taɓa ƙasa. Shi dai ya zana a takarda, ya zaɓi launi da labule da kujeru, waɗansu su aikata. Wata mace, Dorothy Draper, ta yi suna ƙwarai da wannan, har aka danƙa mata babban masaukin nan na Greenbrier ta ƙawata shi, aka buɗe cikin 1948.

A ƙasar Hausa ba haka ba ne. Wanda ya auna fili, shi ne ya ta da bango, shi ne ya ɗaura rufi, shi ne kuma ya yi ado. Sunansa magini. Galibi gādo ne, yaro ya kan tashi ya tarar ubansa ko kawunsa na yi, kuma a manyan garuruwa akwai Sarkin Magina wanda ke bisa kansu duka.

Ajinsa na fari kududdufi ne. Nan za a sa shi ɗiban ruwa, da haƙar ƙasa, da tattaka ta da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana, gobe a sake jiƙawa a sake tattakawa. Mai kallo ya ce wahala ce kawai, amma a nan ya ke koyon abin da ya fi kome wuya, watau sanin ƙasa. Wannan kuwa ya fi tsanani a wajenmu. Baƙar lakar fadamar kogin Haɗeja, wadda shinkafa ke so, in an yi yaɓe da ita zalla sai ta dare da ta bushe, kamar yadda fadamar kanta ke darewa da bazara. Tilas yaro ya san inda za a sami ƙasar tudu, ya san kuma yadda za a gauraya, har ya zama da ya murza ta a tafin hannu ya san ko za ta riƙe.

Daga nan sai a ba shi yin tubali, irin mai kamar ƙwai, mai faɗin gindi. Sa'an nan ya koyi jefa wa maigidansa tubali da curin ƙasa can bisa bango, ba tare da ya sa shi ya sunkuya ba. Sai ya shekara da shekaru kana a bar shi ya hau bango da kansa. Aikin duka na rani ne. In damina ta faɗi, ruwa ya malale fadama, magini manomi ne kamar kowa, wani ma har da su.

Babban aji shi ne rufi. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce misalin ƙafa shida. To, ƙaƙa za a rufe zaure mai faɗin ƙafa ashirin ba ginshiƙi? Dabarar ita ce bakan gizo. A kafa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan rusunawa, a bi da wata, daga wannan gefe da wancan, har su gamu a tsaka, a lulluɓe da ƙasa. In bakuna suka gicciye juna, shi ne ɗaurin guga, kuma a daidai mahaɗarsu a kan manna tasa ko faranti mai ƙyalli. Mu da mu ke fama da lissafin kusurwa a allo, ya kamata mu tsaya nan kaɗan. Mutumin nan ba shi da takarda, ba shi da ma'auni sai igiya da taki da kamu, amma in ya yi kuskure rufin kan mutane zai faɗo.

Sai wanda ya wuce wannan a ke bari ya yi zane. Ana yinsa ne tun yaɓe na ɗanye. Ya ja layi da yatsa, ya ɗora ƙasa ya tayar da ita, ya gyara gefe, tun ba ta sha iska ba, gama in ta bushe ba gyara. Sifofin kuwa yawancinsu 'yan'uwan na wuyan riga ne da na jikin ƙwarya da na fata, sabo da haka yaro mai ido ya kan koya a wurin maɗinka da dukawa kamar yadda ya ke koya a wurin maigidansa. A ƙarshe a shafe da farar ƙasa, a fid da alkuki don fitila, a yi dakali.

Mizanin da magina ke auna kansu da shi tsoho ne. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ke kira Babban Gwani, da ya gina masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Daga waje ginin ba wani ado, amma ciki bakuna ne da ginshiƙai masu zane mai zurfi. Har yau akwai unguwa a Zariya mai sunansa.

A zamaninsa irin wannan aiki na fada ne da masallaci. Abin da ya sāke al'amarin gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, reshensa kuma ya kai Nguru cikin 1930, ya bi ta Malam Madori, kusa da mu. Kuɗi suka shiga hannun 'yan kasuwa da dillalai, ko wane attajiri yana so a san gidansa tun daga zaure. Magini ya sami iyayen gida da yawa, zane kuma ya fito waje, ya ɗauki sababbin sifofi: keke, da mota, da agogo, da jirgin sama. A Zariya abin ya bunƙasa har wani Bature, Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a kansa cikin 1963. Waɗansu sun raina zanen keke, wai ba na gargajiya ba ne. Mu dai ba mu ga laifinsa ba. Wanda ya zana takobi, abin alfarmar zamaninsa ya zana, haka wanda ya zana keke.

Kada kuma mu manta, iyakar magini bango da rufi. Sauran adon ɗaki na mata ne. Su ne ke taruwa su yi daɓe, suna bugu suna waƙa, su shafe shi da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa. Su ne ke yin jere a ɗakin amarya, tasoshi da kwanoni da faya-fayai tun daga ƙasa har rufi, a shimfiɗa tabarmar kaba, wadda ƙasarmu ba ta rasa ba sabo da yawan goruba. Yarinya ta kan koyi wannan a gindin gwaggwanninta, ba wanda ya ba ta sarauta a kai.

In ana so a ga iyakar inda wannan karatu zai kai mutum, sai mu ƙetare iyaka zuwa wani ƙauyen Hausawa, Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar. Cikin 1962 dattawan garin suka sa wani magininsu, Falke Barmu, wanda manomi ne kuma, ya gina musu masallacin Jumma'a, kowa ya kawo abin da ya iya, wani ruwa, wani itace, wani tubali. Da fari gini ne sassauƙa. Cikin 1975 da rufin ya bukaci gyara, sai ya sāke shi da bakuna, ya ɗora tulluwa a tsaka. Daga 1978 zuwa 1982 ya ta da hasumiya huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Cikin 1986 aka ba wannan masallaci lambar Aga Khan, wadda a ke ba zaɓaɓɓun gine-gine na ƙasashen Musulmi.

Amma a daidai shekarun nan sana'ar ta fara ja da baya a wajenmu. Siminti da bulo da kwanon rufi suka zo, ba su bukatar yaɓe ko wace shekara. Magina suka yi ƙoƙari su bi zamani, suna karce zane a ɗanyen siminti suna shafa fenti, amma rufin kwano ba ya bukatar bakan gizo, yaro kuwa ba ya koyon abin da ba a saye. Ga kuma ruwa. Ambaliya irin ta 2012 da ta 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a ƙasar Haɗeja, wanda gidansa ya narke kuwa ba mai ganin laifinsa in ya sāke gini da bulo.

Kayan aikin ma sun yi wuya. Dubi laso, simintinmu na da, wanda a ke shafa wa rufi da bango don kada ruwa ya ratsa. Abu uku a ke haɗawa: katsi, watau dattin da ke kwantawa a gindin karofi, a ƙona shi a daka; da gashin jima daga majema; da dafara, saiwar wata kurangar daji, a daka ta a jiƙa ta yi yauƙi. Ko wane magini da irin nasa awo, a hannunsa ya ke, ba a takarda ba. Yanzu kuwa ko tsoho ya yarda ya nuna wa yaro, sai an nemi marinar da ke da sauran rai kafin a sami katsin.