"Baba Ya Ce Gidan Nan Nawa Ne": Hukuncin Kyautar Da Ba A Karɓa Ba



'Yan uwa, da yawa daga rigimar gado ba a kan lissafi take tasowa ba, don kason kowa yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176. Ana gama sadakar uku sai wani ɗa ya miƙe: "Ai tun Baba yana da rai ya ba ni gidan nan." Shi kenan, an kama hanyar kotu.

To mu fahimci mas'alar. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na ƙasar Hausa suke bi, kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. Malamai suna kiran wannan hauzi, kuma yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid. Idan Alhaji ya ce ya ba ka gida, amma yana ciki, makulli da takardu suna hannunsa har Allah ya karɓi abinsa, gidan nan ya koma gado. Ko da mutane sun ji lokacin da ya faɗa. Yaro ƙarami ne kawai uba yake iya riƙe wa, da shaidu, shi ma ban da gidan da uban yake zaune a ciki.

Idan kuwa a ciwon ajali aka yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce ɗaya bisa uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Masu zuwa gefen gadon asibiti da takarda da tawada suna dangwala yatsan tsoho, wallahi ku ji tsoron Allah. Balle wanda gigin tsufa ya kama, bai ma san me ake ciki ba.

Iyayenmu, ku ma da naku. In za ku bayar, ku bayar da lafiyarku: a miƙa makulli, a canza sunan takarda, a kira shaidu biyu adalai, a rubuta. Sannan a daidaita tsakanin 'ya'ya. Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'uman bin Bashir ya keɓe shi da ita. Mai mata biyu ko uku ya fi kowa sanin abin da nake nufi.

Kai kuma da katin bankin Baba yake hannunka, wakili ne kai, ka riƙa rubuta abin da ya fita na magani da cefane. Ranar da ya cika wakilcinka ya ƙare. Abin da ya rage za a yi masa sutura da shi, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba. Sisi ba ka da ikon cirewa kai kaɗai.

Wallahu a'alam.