Yadda Mai Saye Zai Ga Hajarka a Kasuwar Intanet

A kasuwar Kantin Kwari ta Kano, mai shadda yana zaune mai saye zai zo wucewa, ya gani, ya taɓa, ya taya. A kasuwar intanet ba haka abin yake ba. Mai saye zai buɗe Jiji ko Jumia ko Facebook Marketplace a wayarsa, ya rubuta abin da yake so a wurin bincike, sai manhaja ta jero masa kaya. Na sama-sama yake dubawa. Wanda tallarsa ta faɗa can ƙasa, ko kayansa sun fi na kowa kyau, da wuya a kai gare shi.

Waɗannan kasuwanni sun kwana biyu. Jumia da takwararta Konga sun fara a Legas a 2012, Jiji ta biyo baya a 2014. Masu sayarwa sun yi yawa a cikinsu, don haka fitowa a sama sai da dabara.

Babbar dabarar tana cikin sunan da aka ba talla. Manhaja tana gwada kalmomin da mai saye ya rubuta da waɗanda mai kaya ya rubuta, in sun dace ta fito da tallar. A ce wani mai waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya rubuta: "Waya mai kyau, sai wanda ya gani." A baki wannan magana ce mai daɗi, amma ba wanda zai nemi waya da waɗannan kalmomi. Maƙwabcinsa kuwa ya rubuta: "Tecno Spark 10, 128GB, baƙa, ta hannu, Kano." Ga sunan kamfani, ga samfuri, ga girman ma'aji, ga launi, ga gari. Duk wanda ya rubuta ɗaya daga cikinsu yana iya faɗowa kansa. Haka mai yadi zai yi: "Shadda Getzner fara, yadi 5." Mai takalmi ya faɗi lamba, mai hatsi ya faɗi ko buhu ne ko tiya. In ana son 'yan Kudu su gani, sai a haɗa da sunan kayan na Turanci, domin da shi suke nema.

Sai dai wasu kan wuce gona da iri, su cusa sunan iPhone da Samsung a tallar Tecno don a gan su. Wannan ha'inci ne, kuma masu kasuwar suna iya cire tallar.

Bayan suna sai rukuni. Waya ta shiga ɓangaren wayoyi, atamfa ɓangaren tufafi. A cike gurbin farashi da na unguwa, saboda masu saye da yawa sukan tace kaya da kuɗin da ke aljihunsu ko da garin da suke. Tallar da ba farashi tana iya zubewa a wannan tacewa.

Hoto shi ke sa a tsaya. A goge gilashin kyamara, a ɗauka da rana a inuwa, a kan farin ƙyalle, gaba da baya. In akwai tsaga ko tabo a nuna shi, kada a ɗauko hoton wani a liƙa. A Jumia masu saye suna ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, kuma wanda aka kawo wa abin da bai gani a hoto ba, ba zai yi shiru ba.

Jiji tana sayar da damar ɗaga talla sama na wasu kwanaki. Tana da amfani, amma kuɗin ba ya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba.

Mai karatu, kafin ka biya ko sisi, buɗe manhajar ka nemi kayanka kamar kai ne mai saye. In ba su fito ba, koma ka gyara sunan.