Gurbin Yaro Mai Nakasa a Makarantar Gwamnati

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe a bakinmu. Idan aka haifi yaro kurma, ko shan-inna ta taɓa masa ƙafa, ko ƙyanda ta tafi da idonsa, sai ka ji ana cewa, "Haka Allah ya so, sai haƙuri." Gaskiya ne, haka Allah ya so. Amma ba a ce a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba, ko a miƙa masa ƙoƙon bara ya nufi gindin gadar Kawo ko bakin Kasuwar Sheikh Gumi a nan Kaduna, alhali tsararrakinsa suna aji. Duk wanda ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya san matsayin makahon da ya zo neman ilimi.

To, yanzu maganar ta wuce ta tausayi, ta zama doka. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta wajabta karatu kyauta daga firamare zuwa ƙaramar sakandare a kan kowane yaro, ba ta cire kowa ba. A Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Ita wannan ta fito fili: mai nakasa zai yi karatu kyauta har ya ƙare sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya sami horo kan koyar da irin waɗannan yara, da kayan aikin da suke bukata. Wanda ya nuna wa mutum bambanci don nakasarsa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021.

Sai dai a lura, ba wa yaro benci ba shi ne ba shi ilimi ba. Ku dubi kurman da aka zaunar a bayan aji. Malam ya juya wa ɗalibai baya yana rubutu a allo yana bayani, yaron bai ga laɓɓansa ba, balle ya fahimta. Zai kwafe duk abin da ke allo tsaf, a rubutu mai kyau, ya koma gida bai san abin da ya kwafa ba. Wannan yaro sunansa yana cikin rajista, amma haƙƙinsa bai iso shi ba sai an sami mai yi masa maganar hannu. Haka makaho yake bukatar rubutun nan na ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa. Gurgu kuwa sau da yawa ba darasi ne ke korarsa ba, matakala uku ce a ƙofar aji, da ban-ɗakin da kekensa ba ya shiga.

Mu a Kaduna muna da makarantar gwamnatin jiha ta kurame da makafi, akwai kuma ta kurame a Kawo. Ba za su ɗauke yaran Rigasa da Tudun Wada da Badarawa gaba ɗaya ba, shi ya sa doka ta ɗora nauyin a kan makarantar unguwa ma.

Uba ko uwa su fara da kai yaro a auna shi da wuri. Cibiyar kunne ta ƙasa da ta ido duk a garin nan suke, kuma yaron da ake kira dolo wani lokaci ji ne kawai ba ya yi sosai. Daga nan a tafi da takardar likita wurin hedimasta. In ya ce, "Alhaji, ba mu da wurin irinsa," a roƙe shi cikin ladabi ya rubuta hakan a takarda, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In abin ya ci tura, a wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko hukumar kula da al'amuran nakasassu.