Hoto Shi Ne Shaidar Mai Dashen Itatuwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ruwan rani ya samu a wurare da dama na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wanda ke kusa da ruwa yana iya renon ƙananan itatuwa cikin leda, kamar su dogon yaro da mangwaro da gwaiba da zogale, ya sayar da su da saukar damina, ko ya dasa wa makarantu da masu gidaje bisa lada. Bukatar dashe kuwa ba kaɗan ba ce, gama Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na tare hamada da katangar itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007.

Wahalar wannan sana'a ita ce mai saye ba ya sanin kyan abin da ya saya sai shekara ta kewayo. Mutumin Morai da ya kai dashe kasuwar Talata Mafara ba shi da abin nuna gwanintarsa sai bakinsa, alhali kuwa gani ya kori ji. Hoto shi ne maganin wannan, ko da na wayar hannu ne, muddin an kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

1. A ɗauki wuri ɗaya sau 3, ana tsaye a gurbi ɗaya: kafin dashe, da ranar dashe, sa'an nan cikin watan Afrilu, bayan itacen ya sha rani. Na ukun ya fi duka daraja, domin kowane dashe kore ne ranar da aka sa shi ƙasa.

2. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. Hasken tsakar rana yana kashe launin ganye, hazon hunturu kuma yana dushe hoto.

3. Mutum ya tsaya kusa da itacen, don a gane tsawonsa.

4. A rubuta sunan gari da kwanan wata. In cikin gida ne, a nemi iznin maigida tukuna.

5. Kada a ɗauko hoton lambun wata ƙasa daga intanet a ce aikin hannu ne. Wannan ha'inci ne, kuma ranar da asiri ya tonu ciniki ya mutu.

Ya kamata hakimai su sa dagatai su kawo sunayen masu wannan sana'a da ke ƙasarsu. Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta irin itacen da kowa ya dasa, da inda ya dasa, da yawan wanda ya rayu, ya ajiye hotunan tare. In shugaban makaranta ko wani baƙo ya zo neman mai dashe, sai a buɗe masa littafin ya zaɓa da kansa. Ta haka kuɗin jama'a ba za su tafi ga itacen da zai bushe kafin bazara ba, mai aikin kirki kuma zai sami kasuwa har a garuruwan da ba su taɓa jin sunansa ba.